Ɗakin Zanzaro a Bangon Goggo

Tun ran kasuwar da ta wuce na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna bisa buhu sai in miƙe, in na leƙa bakin hanya sai in dawo, har maƙwabcin rumfata ya tambaye ni ko kaya ne suka maƙale mini a hanyar Shinkafi. Ba kaya ba ne. Ganye ne guda ɗaya da ya biyo kwandon ɗanyen guro, wato kuɓewa a bakin mutanen gabas, naɗaɗɗe kamar bakin kakaki, an ɗinke gefensa da farin zare siriri. Ina ɗaukarsa sai na ji yatsuna biyu sun haɗu da kansu za su matse shi, kamar jiya suka bar aikin. Na tsayar da su. Na tambayi matashin da ya kawo guron daga wajen Birnin Tsaba ko ya san abin da ke ciki, ya ce, "Ciwo na, Alhaji, feshi na bai kai nan ba." Ban yi masa musu ba, don bai yi ƙarya ba. Na saƙale ganyen a jikin azarar rumfa, kuma tun ranar hankalina yana can wani ƙauye kusa da Dauran, inda rabona da kwana an daɗe.

Ni ba mutumin tsayawa kallon ƙwari ba ne. Sana'ata saye da sayarwa: busasshen guro, wake, gero, dawa, abin da kaka ta kawo. Amma kafin in san bakin mudu, wannan tsutsar na fara sani. A gidan Goggo na tashi, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauko ni bayan rasuwar uwata ina ɗan ƙarami. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta, wanda nake kira Baba, yana da samari biyu da matarsa ta fari ta mutu ta bari, dukansu sun girme ni. Kowa a unguwar ɗan zanzaro yake ce mini, kuma Goggo ce ta fara. Ta ce zanzaro ba ya haihuwa, sai ya je daji ya ɗauko ɗan tsutsa, ya gina masa ɗakin laka, ya rufe shi, ya yi ta yi masa waƙa har ya rikiɗe ya zama nasa. Ina jin daɗin sunan ƙwarai. In na ji zanzaro yana zuuu a jikin bangon ɗakinta yana shafe laka, sai in ce a raina ga wani can ana rainonsa.

Idan damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, kaɗa, wato auduga, ta yi ganye faffaɗa, aikin safiya na yara shi ne matse naɗi. Da an sallame asuba za a miƙa maka ƙwarya, ka bi kunya kunya, raɓa tana jiƙa ka har ƙugu. Ka ga ganye ya naɗe, ka kama, ka matse, ka tsinke, ka jefa a ƙwarya. In ka yi sanyin hannu ka warware shi, sai koriyar tsutsa mai baƙin kai ta yi wutsil-wutsil da baya, ta sulale ƙasa a kan zarenta, ta bar ka da baƙin kashinta a tafi. Har yau ina jin ƙarar abin a kunnena, ɗan ƙas ɗin nan, da warin ɗanyen ganye da yake kwana a farce ko ka wanke da toka. Kana yi kurciya tana kuka, ana jiyo lugudan mata daga cikin gari, cikinka yana tuna maka furar da ke jira. In ka dawo ka juye ƙwaryar a tsakar gida, kaji su yi ca a kai. Baba yakan ce kaɗa mai haƙuri ce, in an ci mata ganye kaɗan ba ta fushi, amma in aka bar ta tsirara sai ta zubar da 'ya'yanta.

Goggo tana da doka biyu. Ta farko, ba a fasa ɗakin zanzaro, ko da a bakin tulu ya gina. Ta biyu, akwai kunyar rama guda da take shukawa a iyakar gona, wadda ba a matse naɗinta. Duk yadda ta cika da naɗi, a bar ta. In mun tambaya sai ta ce, "Kun taɓa ganin an gayyaci ma'aikaci an hana mai abinci?" Kuma da gaske, in rana ta ɗaga, wajen ramar nan kasuwa take ci. Zanzaro ya sauka a bakin naɗi, ya zura kai, ya ciji nan ya ciji can har tsutsar ta fito, ya rungume ta a ƙarƙashin cikinsa ya tashi da ƙyar kamar jakin da aka yi wa lodi. Ƙananan tsuntsaye su zo su tsaga nasu. Gizo ya kafa tarkonsa, tururuwa ta kwashe abin da ya faɗo. Daga ramar kuma sai su bazu cikin kaɗar, su yi mana rabin aikin da hannunmu bai kai ba. Ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana wannan, ido ne ya gani.

Yanzu famfon feshi ake goyawa a baya. Ba zan zage shi ba, ni kaina na sayar da maganin feshi shekaru, kuma na ga gonar da ya ceta. Mutum guda da safiya guda ya yi abin da yara goma ba su yi ba. Sai dai in ya wuce, gonar takan yi tsit irin na gidan da aka tashi. Ba zuuu, ba tsuntsu. In tsutsar ta dawo, kuma tana dawowa, ba ta tarar da kowa a bakin ƙofa, sai a sake goya famfo. Bangaye sun koma siminti da fenti, mata suna kankare ɗakin zanzaro da tsintsiya suna cewa ƙazanta ce. Kaɗar ma da ake yi dominta ta ja baya, fulotin da ake awonta ya zama wurin ajiye motoci. Jirgin ƙasan da muke jin labarinsa kamar aljani yanzu sai a yi kwana da kwanaki ba a ji kukansa ba, 'yan kabu-kabu ne suka cika gari da hayaniya. An ce mun sami sabuwar jiha, muna murna, Allah ya sa albarka. Amma jikokina ba wanda ya taɓa jin raɓa a ƙugunsa.

Shekarar da zan ba da labarinta, 'yancin kai bai daɗe ba, ni kuma gemu ya fara tsiro mini. Shekara ce ta naɗi, har guron bayan ɗaki bai tsira ba. Ni ma a lokacin kamar an zuba mini tururuwa a jini. In fatake suka ratsa da jakuna za su Kaura, sai in bi su da ido har su ɓace. In aka ce jirgi yana shan gyaɗa buhu bisa buhu ba ya ƙoshi, sai in rasa abin da ke mini daɗi. Amma ban taɓa cewa zan tafi ba. Ina ganin ni ɗan gida ne, rabona yana nan tafe.

Bayan an girbe gero, wata la'asar a gindin tsamiyar ƙofar gida, Baba ya tara mu. Babban yayana zai yi aure da kaka, don haka za a yanka wa kowa gayaunarsa, gonar kansa wadda abin da ya noma a ciki nasa ne. Ya ba babban ta bakin fadama. Ya ba ƙaramin ta tudu. Sai ya shafa fatiha zai tashi.

Na ce, "Baba, ni fa?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na wulaƙanci ba. Ya ce, "Kai? Kai ai ba baƙo ba ne da za a yanka maka. Gandu duk naka na. Kana ci, kana sha, mi ya rage?"

Ƙaramin yayana ya kwashe da dariya, ya ce, "Ɗan zanzaro na son ɗaki nashi!"

Babban ya ce, "Bari ya yi fiffike tukuna."

Ba da mugunta suka faɗa ba, haka muke wasa kullum. Amma ranar maganar ta yi mini ciwo. Gandu gonar gida ce, kowa ya yi mata aiki, in maigida ya kau kuma ta 'ya'yansa ce. Wannan ko yaro ya sani.

Washegari da hantsi na dawo da ƙwaryar naɗi, na juye wa kaji. Goggo tana bayan ɗaki tana yanka guro tana shanyawa a tabarma. Na shiga ɗakinta shan ruwa, sai idona ya faɗa kan ɗakunan zanzaro jere a bango. Shekara da shekaru ina kallonsu, ban taɓa ganin cikinsu ba. Na zaro 'yar wuƙata na ɓamɓaro guda, na fito da shi haske, na fasa a tafina. Gani ya kori ji. Tsutsotsin naɗi ne cunkushe, kore shar, ba su mutu ba. In ka taɓa su da tsinke sai gindinsu ya ɗan motsa, amma ba su iya tafiya. A tsakiyarsu ga wani farin abu mai ƙiba ya kafa kai a cikin ɗaya yana tsotsa. Ɗakin da ke gefe kuwa ba komai sai fatu busassu.

Na je na tsuguna gaban Goggo na buɗe mata tafina. Na ce, "Goggo, kin ce rainonshi yake."

Ta leƙa, ta ci gaba da yankanta. Ta ce, "Wa ya aike ka?"

"Cin shi yake, Goggo. Da ranshi. Ɗanshi na gaskiya yake ciyarwa da shi."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Kai kaɗai anka haifa da hannu? Ina yarinya na fasa wanda ya fi wanga girma."

Na ce, "To don mi kika ce mini..."

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "An kawo mini yaro bai fi tulun can tsawo ba, yana kuka yana kiran uwar da ke cikin ƙasa, yana tambayata shi ɗan wa ne yanzu. Mi kake so in ce mai? Na ɗaga kai na ga zanzaro a bango, na faɗa mai abin da ya sa ya yi barci."

Na ce, "Ni dai ba ni zama a cinye ni."

"Rage murya, ba kai ɗaya ke da kunne gidan ga ba. Miƙo mini mayafina."

Ban san inda za mu ba sai da muka tsaya a kunyar ramarta, rana tana dukan mu. Ta kama naɗi guda ta warware, tsutsa ta sulale a zarenta. Ta ce, "Wagga tana nan tana ci." Ta warware wani, ba kowa, sai huda a gefe. "Wagga zanzaro ya ɗauka, ka ga inda ta ƙare." Ta yi ta dubawa har ta sami wani tsohon naɗi da ya fara ja, ta buɗe shi a hankali. A ciki akwai wani ɗan kwanso ja-ja, kamar ƙwayar dabino ƙarama, a tsage, ba komai ciki.

Ta ce, "Wagga fa?"

Na ce, "Ta mutu."

"Wawa. Ka taɓa ganin matacce ya tsaga rigarshi ya ajiye ya tafi? Faɗa-wutan nan mai fiffike fari-fari da zanen ƙasa-ƙasa, da ke damuna in na kunna fitila, daga ina kake zaton yake?"

Wallahi ban taɓa haɗa su ba. Mu da muke matse su tun suna kore, ina za mu ga ƙarshensu? Ta ce, "Kunyar ga da na hana ku taɓawa, kun ɗauka ta zanzaro ce shi kaɗai. Rabi nashi na. Rabi na wanda Allah ya rubuta ma tashi. In ka matse duka, zanzaro ya rasa, mai tashi ya rasa." Ta sa mini kwanson a tafi, bisa garin lakar da ban kakkaɓe ba. Ta ce, "Bar ni da Malam," wato Baba.

Bayan magariba, Baba yana cin tuwo a ƙofar ɗakinsa, ta je ta zauna nesa kaɗan. Ni ina wajen turken awaki, ina jin komai. Ta ce, "Malam, yaron ga zai bi fatake Kaura ya kai mini gurona."

Ya ce, "To, a bari a cire kaɗa."

"In an cire kaɗa sai sussuka. In an gama sussuka sai yaɓen ɗakin ango. Daga nan sai sharar gona, sai kai taki, sai ruwa ya sauka. Malam, ni da kai mun san shekara ba ta da ƙofa."

Ya daina tauna. Ya ce, "Ashe ba kai guro ba ne. Tafiya ce."

"Tafiya ce."

"Na ci zalinshi? Na taɓa bambanta shi da ɗiyana a akushi?"

"A akushi a'a. Allah ya saka maka. Amma ƙasa ba akushi ba ce, kuma ba kai ka yi dokarta ba. Ba ni roƙonka abin ɗiyanka. Hanya kaɗai za ka ba shi."

Can ya ce, "Ke fa? Wa zai ɗebo miki ruwa? Wa zai faskara miki icce? Samarin ga matansu za su yi ma, kin sani."

Ta ce, "Da ƙafafuna anka kawo ni gidan ga, kuma ba su gaya mini sun gaji ba."

Ya ja tsaki, ya ture akushin. Ya ce, "Kin fi zanzaro taurin kai. Jakin dai a maido mini abina."

In faɗi gaskiya, da ni ne Baba, da ban saki hannu guda ana gobe cirar kaɗa ba, kuma a shekarar naɗi. Na riƙe ma'aikata, na san abin da hannu yake nufi in kaka ta matso. Ya sake ni, har ya ɗaure mini mangala da kansa, yana faɗa yana cewa ban iya ƙulli ba. Goggo ta juye duk busasshen guronta na shekarar, wanda da shi take sayen gishiri da manja da zane, ta haɗa da igiyoyin ramar da ta tufka. Ta raka ni har iyakar gona. A nan ta ce, "Ka ga abin da ke fita cikin naɗi. Ka kuma ga abin da yake yi in ya ga fitila. An ce Kaura fitilu gare ta. Ka zagaya, kada ka faɗa." Ba ta yi kuka ba. Ta juya tana tsinkar ganyen rama na miya kamar shi ya kawo ta.

Na zagaya fitilu da yawa. Wasu sun ɗan lashi fiffikena, ba zan ɓoye ba, amma ban faɗa ba. Guron nan na tarar ana nemansa a tasha kamar magani, mutanen kudu suna lodinsa a jirgi. Na maido jaki, na sake ɗaukar na maƙwabta, daga nan na san Zurmi, na san kasuwar Shinkafi, na san wanda ake yi wa awo a tsaye da wanda ake yi wa a tsugune. Abin da na zama, daga tabarmar shanyar nan ya fito.

Duk zuwan da na yi gida ina tarar da ita ta ƙara ranƙwafawa. Maganar Baba ta tabbata: samari suka yi iyali, kowa da tulun da zai cika. Ba su wulaƙanta ta ba, amma na sha iske ta a hanyar rijiya da rabin tulu, tana hutawa a gindin tsamiya. Ranar da na fasa ɗakin nan na ɗauka na gane wa ake ci da ransa a gidan. Ashe lissafina bai cika ba. Akwai wadda ta miƙa kanta da saninta, kuma ni ne farin abin nan mai ƙiba. Da na yi gida a Kaura na je da mota takanas in ɗauko ta, bayan rasuwar Baba. Na ce mata ga ɗaki, ga famfo a tsakar gida, ga jikoki.

Ta ce, "Bangon naka da zanzaro?"

Na ce, "Siminti ne, Goggo."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ɗan nan, ɗanyen ganye ake warwarewa. Tsoho in ka ce sai ka miƙe shi, karyewa yake. Bar ni cikin naɗina." Na sa aka riƙa kai mata ruwa da icce, ta karɓi wannan. A ɗakin nan ta cika, damina tana ƙarewa, zanzaro yana ta shafe lakarsa a saman kanta.

Yau da safe, kafin kasuwa ta cika, na sauko da ganyen daga azara. Maƙwabcina yana kallo, ya ce, "Alhaji, wai laya ce?" Ganyen ya bushe ƙamas. Na sa yatsa a hankali zan warware shi, ya ruguje mini a hannu, yadda ta ce. A cikin garin ganyen ga ɗan kwanso ja-ja, a tsage, ba kowa ciki.

Na daɗe ina dubansa. Sannan na jawo buhu na zauna.